Ƙunshin Nusaiba

Tun asuba nake Lamingo, sanyi na cizon yatsuna,
Baba Dalyop na yankan wardi, ina jera su a bokiti.
Ruwan da suka sha daga tsohon ramin kuza yake,
ramin da ya cinye ƙarfin kakansa,
yau shi ke yi wa amare ado.

Da hantsi Nusaiba ta iso rumfata, waya a hannu,
ƙawaye uku a bayanta, kowace da nata sanin.
Ta ce ja soyayya ne, Anti, ki cika shi,
fari tsarkin zuciya ne, a kewaye da shi,
rawaya kuwa kada ta gan shi ko a bakin ƙofa,
an rubuta rabuwa yake ja.
Na ce to.
Shekara sha tara ke nan ina cewa to.

Ban faɗa mata ba, na ɗaura wa Garos fari tas
ranar da aka kai ta coci,
wata bakwai ta koma ɗakin uwarta da akwati ɗaya.
Ban faɗa mata ba, Hansatu rawaya kaɗai kuɗinta ya kai,
shekaranjiya ta wuce nan da goyon na biyar,
mijin na biye da ledar cefane, suna musu suna dariya.
Fure ba boka ba ne, bai san gobe ba.
Shi ma da almakashi aka raba shi da gida.

Na zauna ina cire ƙaya, ɗaya bayan ɗaya,
kada ta soki lallen amarya.
A nan ne kullum nake jin kamar ina shirya ƙarya,
wardi da ƙayarsa aka halicce shi.
Mai son fassara ya dubi babban yatsana.

Ana cikin haka kakarta ta sauko daga keke,
Iya Tabawa, tun daga Gangare, tana haki.
Ta kwance bakin mayafi a kan teburina:
furen lalle, mitsi-mitsi, launin madara,
da ɗan reshen zogale mai fure, har ya soma laushi.
Ta ce cusa min su can tsakiya,
inda mai hoto ba zai gani ba.

Nusaiba ta turo baki, Iya, waɗannan ai ba sa cikin jeri.
Tsohuwa ko kallon wayar ba ta yi ba.
Ta ce naki kwana uku ne, yarinya.
Lalle ganyensa na hannunki kowa ya gani,
ƙamshin furensa sai dare ya yi,
baƙi sun watse, daga ke sai shi.
Zogale kuwa, sare shi, ki dawo ki tarar ya toho,
ranar da babu, shi ne miya.

Na cusa su. Ban sa a lissafi ba.

Lahadi da safe na je Rayfield kwaso tuluna.
Masu shara sun riga ni.
Bayan zauren akuya biyu na kiwon soyayya,
tsarkin zuciya na kwance a kwata, takalmi ya bi ta kai,
kwalliya dai ta biya kuɗin sabulu, an tashi.

A kan kujerar amarya na tsinci ƙunshin,
zaren da na ɗaure bai kwance ba,
jan yana nan, farin yana nan, sun sunkuyar da kai.
Na sa yatsa a tsakiya.
Rami.
Ta zare na Iya, ta tafi da shi.

Na ɗauki kara ɗaya mai sauran rai
na sa a bokiti, na nufi titi neman keke.